Yadda na haɗa zomayena biyu a keji ɗaya

Zomanyata ta farko fara ce sol mai jajayen idanu, kuma ta daɗe ita kaɗai a keji a bayan ɗakinmu. Da na ga ta cika lafewa a kusurwa, sai na samo mata abokiyar zama, wata 'yar ƙarama ruwan ƙasa. Zomon gida daga zomon Turai ya samo asali, na yankin Sifen da Fotigal, wanda ke zama garke-garke cikin ramuka, kowa ya san na gaba da shi. Shi ya sa kaɗaici ke damunsa, kuma shi ya sa ba ya karɓar baƙo sai an tantance wa zai bi wani.

Ban saka sabuwar a kejin tsohuwar ba. Mace ta fi namiji kishin wurinta, ko barbara za a yi ma ita ake ɗauka a kai wa namiji. Na jera kejinsu kusa da juna, na bar tazarar da baki ba zai kai ba ta cikin waya, ina musanya musu kwanon dusa da ragowar harawa don kowace ta saba da warin 'yar'uwarta.

Haɗuwar farko a zaure aka yi ta, inda babu wadda ta taɓa shiga, da sassafe, domin zomo ba ya gumi kuma zafin da ya wuce digiri 30 yana galabaitar da shi, balle an haɗa da guje-guje. Suna shinshinar juna sai farar ta bi ƙaramar a guje. Ƙanena ya zabura ya ce, "Yaya, raba su, za ta kashe ta!" Na ce ya dakata. Korar gajeriya ce, ƙaramar ta kauce, farar ta tsaya tana goga haɓarta a jikin turmi. A ƙarƙashin haɓar zomo akwai wani wari da hancinmu ba ya ji, da shi yake shaida cewa abu nasa ne. Can kuma ta haye bayan ƙaramar, ga shi duk mata ne. Wannan hawan na nuna iko ne, mace na yi wa mace, namiji na yi wa namiji. Inda nake sa hannu shi ne idan ta hau ta wajen kai, don ta ƙasa na iya cizon ta a ciki.

Abin da na fi so masu kiwo su gane ke nan. Mutane da yawa na raba zomaye tun a korar farko, gobe a sake haɗa su, su koma farawa daga tushe, har a yanke hukuncin cewa jininsu bai haɗu ba. Tausayi ne, na sani, amma yana tsawaita musu wahala. Faɗan gaske ba ya ɓuya: kunnuwa sun kwanta a baya, bindi ya miƙe, ana gurnani, su biyun suna zagaya juna da sauri babu mai niyyar gudu, sai su dunƙule suna shuri. A nan ba a jira. Ni faifai nake sakawa a tsakaninsu, domin haƙorin zomo yana tsaga fata, tasu da ta mai rabon.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ya zo ne bayan kora ta lafa. Farar ta je ta cusa kanta ƙarƙashin haɓar ƙaramar, ta kwantar da shi ƙasa, ta yi tsit. Wanda bai sani ba zai ce ta miƙa wuya ne. Umarni take bayarwa a lashe ta, domin a wurin zomaye babba ake yi wa gyaran gashi. Ƙaramar kuwa ta ƙi, ita ma ta kwantar da nata kan, goshi da goshi, kamar kishiyoyi biyu kowace na jiran a fara gaishe ta. Sai na shafa ɗan ayaba a goshin farar. Ƙaramar ta lashe ayabar, ta zarce da lasar kunne da gefen ido, farar ta lumshe idanu tana taunar haƙora a hankali. Daga nan suka fara cin ganye wuri guda, suna miƙe ƙafafu su kwanta jiki da jiki.

Har yanzu ana ɗan kora, musamman da asuba da kuma gab da magariba lokacin da suka fi kuzari, ko in sun ji motsin abinci. Kwano biyu da maɓoya biyu sun rage ta sosai. Maza biyu kuwa lamarinsu daban ne: ko 'yan ciki ɗaya ne, da sun kai wata 3 zuwa 4 faɗa kan ɓarke, har su ji wa juna rauni a maraina. Sai likitan dabbobi ya yi musu fiɗiya, a jira kamar mako 6 jini ya kwanta, sannan a gwada.

Tun da suka shaƙu ban ƙara raba su ba. Ko ɗaya ce ba ta da lafiya, tare nake kai su wajen likita a kwando guda, domin idan ta dawo da baƙon wari, 'yar'uwarta na iya ɗaukar ta baƙuwa.