Kafin ka tsira wa ɗan wani allura da sunan bincike

Ranar Talatar da ta wuce na iske wani ɗalibin digiri na biyu a ƙofar lab riƙe da kula irin ta masu sayar da zoɓo da kunun aya. Da na buɗe sai ga kwalaben jini suna iyo cikin ƙanƙarar da ta narke, masu jan murfi da masu murfi shunayya duk a cakuɗe, kowace an manna mata takarda da salatef an rubuta suna da biro. Biyu ma takardarsu ta riga ta saki. Na tambaye shi lambar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, ya ce, "Malam, ai na miƙa takardun, kafin in gama tara jinin za ta fito." Ƙarfe nawa aka ɗebi na farko? Bai rubuta ba.

Na so in yi masa tatas, amma bakina ya yi nauyi, domin kularsa ta fi wadda na yi nawa aikin da ita kyau.

Nawa binciken a kan zazzaɓin cizon sauro ne a jikin yara masu sikila, ina kwatanta su da waɗanda ba su da ita. Tun daga lissafin yawan yaran na kauce. Na rubuta 384, kamar yadda kusan kowane kundi ke rubutawa. Wannan adadin yana fitowa ne idan kana son sanin yawan wata cuta a cikin jama'a, ka ɗauka rabi suna da ita, ka yarda da kuskuren kashi 5 cikin ɗari. Kwatanta rukuni biyu kuwa lissafinsa daban ne, sai ka fara faɗin girman bambancin da kake tsammanin gani. Ban yi ba. A kundin wanda ya riga ni na gani na kwafa, shi ma na tabbata kwafa ya yi, kuma babu wanda ya tsayar da ni a wurin kare shawarar binciken.

Sai jinin kansa. Kwalba mai jan murfi ana tsayar da ita kamar minti 30 jinin ya daskare, a juya ta a inji minti 10, a zuƙe ruwan saman a raba shi da ƙwayoyin kafin awa biyu. Ni kuwa tun ƙarfe tara na safe nake ɗiba a ɗakin ganin likita, ba na isa lab sai bayan la'asar, bisa babur. Ga shi ina matsa jinin daga sirinji ta bakin allura da ƙarfi don layi ya yi tsawo. Ruwan jinin da ya kamata ya fito garau, rawaya-rawaya, sai ya fito kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa. Jajayen ƙwayoyin sun fashe ke nan, abin da ke cikinsu ya zube a ruwan, ya dagula yawancin abin da za ka auna. Na san haka. A ajin shekara ta uku aka koya mana. Na ce wa kaina launin bai yi yawa ba.

Mai murfi shunayya kuma tana da sinadarin hana daskarewa, so take a kifa ta a hankali sau takwas zuwa goma da zarar jini ya shiga, ba jijjigawa ba. Wadda aka manta ba a kifa ba tana yin ƙananan gudaji, ƙirgen ƙwayoyin ya fito ƙarya.

Inda na fi yin ɓarna shi ne firiza. Ruwan jinin kowane yaro a kwalba ɗaya na zuba shi, maimakon in raba shi rabin-rabin mililita cikin ƙananan kwalabe uku ko huɗu, yadda duk gwajin da zan yi guda ɗaya zan narkar. Don haka duk lokacin da zan auna wani abu sai in narkar da duka in mayar. Firizar ma irin ta gida ce, mai narkar da ƙanƙararta da kanta, wato tana ɗumama tana sake sanyi ko da wuta ba ta ɗauke ba, balle wutar da a kan ɗauke tun Juma'a sai Litinin. To a nan ina da abin cewa. Ba mu da firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, janaretan sashen ba ya kwana a kunne, kuma da albashina nake sayen sinadarai. Wanda bai taɓa tsayawa a gaban firiza mai ɗigar ruwa ranar Litinin da safe ba, kada ya yi saurin yanke mini hukunci. Amma kuma kofi ɗaya na ruwa da aka daskarar aka ɗora tsabar kuɗi a kansa ya isa ya gaya mini gaskiya: idan ka tarar da kuɗin a ƙasan kofin, kayan sun narke sun sake daskarewa. Wannan ba ya bukatar tallafin kowa. Ban sa ba don ba na son in sani.

Sunaye na rubuta a kwalabe, ba lamba ba. Ku ƙirga Fatima nawa da Abubakar nawa ke zuwa asibitin yara a rana ɗaya. Sanyi da danshi suka cinye salatef, biro ya jiƙe. Wasu da tsarin da na jera su a akwati na "gane" su.

Gilasan duba ƙwayar zazzaɓin ma ba su tsira ba. Rinin Giemsa yana son ruwa mai ma'aunin pH 7.2, a haɗa shi sabo kullum: kashi 10 cikin ɗari na minti 10 idan ana sauri, ko kashi 3 na minti 45 zuwa 60 idan ana son aiki mai kyau. Da ruwan da ya dace ya ƙare, na ruwan burtsatse na yi amfani. Launin ya juya, ƙurar hunturu ta zauna a kan gilasan, ƙuda suka lashe gefen wasu, sai ga ɗigo-ɗigo masu kama da ƙwayar cuta ko'ina. Shafin jini mai kauri ba a sa masa metanol kuma ba a gasa shi da zafi, in ba haka ba jan jinin ba zai wanke ba, ba za ka ga komai ba. Na shanya wasu a rana don su bushe da wuri. Kuma ni kaɗai na karanta su, alhali na san wane ne mai sikila wane ne ba shi da ita. Ido yana ganin abin da zuciya ke nema. Ka'ida ita ce mutum biyu su karanta, ba wanda ya san sakamakon ɗan'uwansa ko rukunin yaron, in sun saɓa na uku ya raba gardama. Akwai ma wani tarko: ana ƙirga ƙwayoyin cutar a kan fararen ƙwayoyin jini 200, a ɗauka akwai 8,000 a kowace maikurolita. Yaro mai sikila fararen ƙwayoyinsa sukan fi haka yawa ko lafiyarsa ƙalau, don haka wannan zato yana rage masa yawan cutar a takarda. Sai an yi amfani da ainihin ƙirgen kowane yaro.

Tambaya ɗaya kuma ban sa a fom ba: an ƙara wa yaron jini cikin wata ukun da suka wuce? Jajayen ƙwayoyin da aka ƙara sukan daɗe a jiki, sai mai SS ya fito a gwajin jinotayif kamar AS. Allah kaɗai ya san yara nawa na ajiye a rukunin da ba nasu ba.

Duk wannan jahilci ne da talauci da gaggawa, ana iya yafewa. Abin da ya biyo baya ne ba na son tunawa. Da sakamakon ya ƙi tafiya yadda littafi ya ce, na cire waɗanda suka fi karkacewa na kira su kuskuren inji. Ban ƙirƙiri adadi ko ɗaya ba, wannan ina faɗa da ƙarfi, kuma na san waɗanda a ɗakin kwanansu suka cike tebur ɗinsu kaf. Amma cirewa ma ai ƙanwar ƙirƙira ce. Na biya kuɗi wata mujalla ta buga cikin mako biyu ba tare da tambaya ko ɗaya ba, aka ƙirga mini ita a ƙarin girma. Tsarin ne ya ce a kawo takardu kaza, bai ce a kawo masu kyau ba. Haka nake cewa. Iyayen yaran kuwa da baki na nemi yardarsu, a tsaye, kuma na ga alama yawancinsu sun ɗauka cikin maganin ne. Ban koma na gaya wa ko ɗaya sakamakon ɗanta ba.

Kuma ba zan ce ban san illar hakan ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara wajen 200 a Kano, 11 suka rasu a cikin gwajin, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye da kuma sahihancin takardar amincewar kwamitin ɗa'a, har aka sasanta da jihar Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan labarin yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa ya fito a 2007. Duk mai riƙe da sirinji a arewa da sunan bincike yana aiki ne a inda aka taɓa cin amana, ko ya sani ko bai sani ba.

A Kanon nan dai kuma aka nuna yadda ake yi. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Bayero, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi gwajin da ake kira SPRING a kan yara 220 masu sikila, 'yan shekara 5 zuwa 12, waɗanda na'urar auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta nuna santimita 200 a daƙiƙa ko fiye, alamar haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A ƙasashe masu arziki ƙarin jini ake yi wa irin waɗannan yaran kowane wata, abin da ba ya yiwuwa ga yawancin iyalai a nan. Aka kasa su biyu, wasu suna shan maganin hydroxyurea miligiram 10 ga kowane kilo a rana, wasu 20, ba likita ba iyaye ba wanda ya san wa ke shan wanne. Sakamakon da ya fito a mujallar Lancet Haematology a 2022 bai nuna bambanci tsakanin biyun ba wajen shanyewar jiki, ma'ana ƙaramin awon mai rahusa ma yana aiki. Tambaya ɗaya ce, ƙarama, aka bi ta shekaru da rubutu mai tsabta. Za ku ce suna da kuɗin Turawa. Gaskiya ne. Amma ba dala ce ke rubuta lokacin ɗibar jini a fom ba.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari goma sha biyu, ku ɗalibai masu bincike. Da na duba, yawancinsu suna cikin littattafan da ba kwa buɗewa, don haka ga abin da ya rage.

Kada allura ta taɓa kowa sai takardar kwamitin ɗa'a tana hannunka da lambarta da kwanan watanta. Takardar neman yarda a fassara ta da Hausar da uwar yaron ke ji, a karanta mata a zaune, a gaya mata ƙarara cewa in ta ƙi ba abin da zai taɓa maganin ɗanta. Wadda ba ta rubutu ta dangwala yatsa a gaban shaida.

Lamba a jikin kwalba da murfinta, da maka marar gogewa, kafin jini ya shiga. Suna ya zauna a littafi ɗaya a kulle. Ba a waya ba! Ku da komai sai ku ɗauki hotonsa, har da safar hannu mai jini kuke latsa waya, sannan ku kara ta a kunne.

In ba ka da tabbacin sanyi, kada ka fara aikin da ke bukatar sanyi. Ko da yake, in za a jira kayan aiki su cika, ba wanda zai gama digiri a ƙasar nan. To ka sauya tambayar ta dace da abin da kake da shi. Ɗigon jini a takardar tace ta Whatman, a bar shi ya bushe a inuwa aƙalla awa uku ko ya kwana, a sa kowanne a ledarsa da ƙullin sinadarin tsotse danshi, yana riƙe DNA na ƙwayar zazzaɓi watanni ba firiza. Da na san darajar wannan da ban sha wahalar da na sha ba.

Ka bi maganar mai duba kundinka, ya fi ka sani. Amma ranar da ya ce "gyara adadin nan su yi kyau", kada ka bi. Yadda za ka ƙi kuma ka kammala lafiya, wannan ban da amsarsa, ni ban ƙi ba, hasali ma ba wanda ya sa ni.

Kuma ku daina ba na'ura ta rubuta muku babi na biyu na kundinku, wato bitar binciken da ya gabata. Na karanta kundi uku bana masu jimloli iri ɗaya da madogarar da babu ita a duniya.

Yaron mai kula na ce ya kai kwalaben tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, digiri 121 na minti 30, sannan a ƙona su tare da sharar asibiti, ya jira takardarsa ta fito. Ya tsaya yana kallon kular, ya ce, "Malam, ko masu jan murfin ba za a iya ceto su ba?" Na ɗaga ɗaya a hasken taga na nuna masa launin ruwan. Ya ce shi dai a ganinsa jan bai yi yawa ba.