Yinin jera takardun rabon hatsi na ƙasar Sin

Yau Asabar, tun bayan sallar Azahar na zauna a kan takardun rabon hatsi na ƙasar Sin da suka taru a hannuna, waɗanda Sinawa ke kira liangpiao, domin in fitar da su daga ambulan in jera su cikin kundi. Gwamnatin Sin ta fara aiki da su a birane a 1955, ba a soke su a faɗin ƙasar ba sai 1993, kuma a tsawon wannan lokaci ko mutum yana da kuɗi ba zai sayi shinkafa ko garin alkama a shagon gwamnati ba sai ya haɗa da takardar.

Ware na ƙasa baki ɗaya, waɗanda Ma'aikatar Hatsi ta buga kuma matafiyi ke iya amfani da su ko'ina, daga na larduna bai ɗauke ni lokaci ba.

Inda aikin yake shi ne wajen ma'auni. Da jin da liang, ma'aunan nauyi na Sinawa, ake rubuta nauyin hatsi a kan takardun. Jin ɗaya giram 500 ne, wannan bai canza ba, amma liang, wanda yanki ne na jin, ya canza. Kafin 1959 ana kasa jin gida 16, wato kowane liang giram 31.25 ke nan, sannan a shekarar Majalisar Gudanarwar ƙasar ta mayar da shi gida 10, liang ya koma giram 50. Saboda haka takardar liang huɗu ta tsohon ma'auni giram 125 take bai wa mai ita, ta sabon ma'auni kuwa giram 200, alhali rubutun da ke fuskarsu iri ɗaya ne. A ganina duk wanda ya jera su bisa lardi ko kyan zane kawai ya ɓoye abin da ya fi damun masu su, wato yawan abincin da zai shiga tukunya. Don haka na rubuta nauyin kowace da giram a ƙarƙashinta, na kuma keɓe shafi ga na shekarun 1980 da aka buga da giram da kilo.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta rabin liang ta birnin Shanghai, giram 25 kacal, wadda ake sayen ɗan abin karin kumallo da ita. Mutanen da aka buga wa wannan takarda sun san lissafin abinci fiye da yadda zan taɓa saninsa, kuma ban iya ɗaukarta a matsayin kayan ado ba.

Takardun yadi, da aka yi amfani da su daga 1954 zuwa 1983, sai gobe in Allah ya kai mu, domin su da chi ake auna su, wato kashi ɗaya cikin uku na mita, kuma suna buƙatar nasu kundin.