Fasinjan da bai zo tasha ba

A tashar Jabi, wajen ƙarfe shida na safe, na ga Sharon uku sun cika sun kama hanyar Kaduna kafin awa guda ta cika. Da azahar kuwa mota ɗaya ta yi kusan awa biyu a kan lodi, ɗan kamasho yana ta shelar "saura mutum ɗaya", alhali kujeru uku ne babu kowa a kai. Duk mai son lissafa yawan matafiya tsakanin Abuja da sauran garuruwa, a ganina, daga nan ya kamata ya fara.

Masana tsara sufuri suna da lissafi mai matakai huɗu, wanda ya samo asali a Amurka a shekarun 1950, a birane irin su Shikago. Ana ƙiyasta tafiye-tafiyen da kowane yanki ke fitarwa, da inda suke nufa, da abin hawan da mutane za su zaɓa, sannan hanyar da za su bi. Tushensa shi ne babban gari ya fi jan mutane, nisa da tsadar kuɗin mota kuma su rage su.

Sai dai lissafin ya fi zama daidai inda mota ke da lokacin tashi. A tashoshinmu sai ta cika take tashi, don haka ƙarancin fasinja yana tsawaita jira, tsawon jira kuma yana korar fasinja zuwa bakin titi a Zuba, inda babu mai rubuta sunansa.

Akwai kuma tsoro, wanda ba ya shiga ma'auni cikin sauƙi. Jirgin ƙasa daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna ya fara aiki a 2016, kuma da garkuwa da mutane ta tsananta a hanyar mota, har masu manyan motoci sun koma neman tikiti. Harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022 ya tsayar da shi har zuwa Disamba, jama'a suka watsu, wasu suka koma titi, wasu suka haƙura.

Waɗanda suka haƙura ɗin nan su ne suka fi damuna. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, maƙwabcina da ya saba zuwa Jos ta Keffi da Akwanga kowane ƙarshen wata ya koma tura wa iyalinsa kuɗi ta waya. Buƙatar tafiyar tana nan a ransa, amma mai ƙirga kawuna a tasha ba zai gan shi ba, sai ya rubuta cewa hanyar Jos ba ta buƙatar ƙarin motoci.