Sai da Muka Bi ta Tarihin Ingila Kafin Ɗalibaina Su Gane Chaucer

Da aka ba ni darasin tsohon adabin Ingila a kwalejin da nake koyarwa, tsohon Turancin bai tayar mini da hankali ba, don ƙamus yana maganinsa. Fargabata ita ce ɗalibai su karanta labaran Canterbury na Geoffrey Chaucer fuska a ɗaure, alhali mutumin habaici yake ta zubawa. Wanda bai san da wa ake ba, ina zai ji zafin habaici? Sai na ce mu ajiye littafin tukuna, mu fara da tarihi.

Mun ɗauko daga 1066, shekarar da William na Normandi, wani yanki na arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Daga nan fada da manyan gidaje suka koma Faransanci, coci da malamai suna kan Latinanci, aka bar wa talaka Ingilishi a gona da kasuwa. Sai a 1362 aka yi dokar a riƙa yin shari'a da Ingilishi, kuma abin dariya, ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Da ɗalibai suka ji haka, suka fahimci cewa rubuta babban aiki da Ingilishi a wancan zamani ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Inda muka fi daɗewa shi ne annobar 1348, wadda ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar. Ma'aikatan gona suka yi ƙaranci, ladan aiki ya tashi, masu ƙasa suka sa aka yi doka a 1351 don a danne shi. Harajin kai ya ƙara dagula lamari, har talakawa suka yi bore a 1381 ƙarƙashin Wat Tyler, suka shiga Landan, suka fille kan babban limamin cocin Canterbury. Chaucer yana Landan a shekarun nan, yana kula da harajin fitar da ulu a tashar jiragen ruwa tun 1374. Ya san ɗan kasuwa ciki da bai.

Sai muka buɗe littafin. Ayari ne ya tashi daga wani masauki a Southwark, gefen Landan, zuwa Canterbury don ziyartar kabarin Thomas Becket, babban limamin cocin garin, wanda mayaƙan Sarki Henry na Biyu suka kashe a 1170. Na tuna musu ayarin kakanninmu masu zuwa hajji a ƙasa ta Sudan, inda tafiya ke haɗa malami da fatake da mayaudari. Nan take suka gane mai sayar da takardun yafe zunubi, wanda ke yawo da ƙasusuwan alade yana cewa na waliyyai ne.

Likitan ayarin ne ya fi burge su. Ya karanci Ibn Sina da Razi da Ibn Rushd, amma dukiyar da ya tara lokacin annoba ya ƙanƙame ta, don zinariya yake so. Ba don mun yi maganar 1348 ba, da wannan zungurin ya wuce su.

Tsarin coci ne ya ci mana lokaci fiye da komai, wato bambancin sufin da ke zaune a gidan ibada da mai yawon bara da limamin ƙauye. A zango mai zuwa da shi zan fara, tun kafin mu taɓa zancen William.