Godiya daga gidanmu: Inna ta dawo Maradi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi. A madadin Baba da ƙannena da dukan danginmu, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa Allah ya dawo mana da Inna gida daga Yamai. Tana shan kunu yana zama, tana taka ƙafarta zuwa alwala ba tare da an riƙe ta ba. Waɗanda suka tsaya mana sun fi ƙarfin a bi su gida-gida, shi ya sa na rubuta nan.

Mutane da yawa sun tambaye ni abin da ya same ta, ita kuma ta ce in faɗa, ko wata za ta amfana. A 2021 aka gano tana da sankarar gidan ƙwai. Aka yi mata tiyata, aka cire mahaifa da gidajen ƙwan biyu da kitsen da ke lulluɓe hanji, sannan aka yi mata ƙarin ruwan maganin sankara, Carboplatin da Paclitaxel, zagaye shida, ana ba da tazarar mako uku. Ta warware har ta koma sana'arta ta ƙuli-ƙuli. Bara sai ta fara ƙoshi daga loma biyu, ga amai, ga bayan gida baƙi ƙirin, idonta ya yi fari fat. Inda aka fara kai ta aka ce olsa ce, aka rubuta magani, ta yi ta sha tana ramewa.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga wani matashin likita ce a nan Maradi. Da ya ga tabon tiyata a mararta bai wuce shi ba. Ya ce, "Baba, ina takardun aikin da aka yi miki?" Ya zauna ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka auna sinadarin CA-125 a jininta, wanda ake bin sawun sankarar gidan ƙwai da shi, aka ga ya hau, ya ce sai an zura tiyo mai kyamara ta baki an leƙa tumbi. Can aka ga ƙullutu yana tsatsar jini. Likita, Allah ya yi wa zuri'arka albarka.

Naman da aka gutsuro aka kai awo shi ya fayyace komai. Ƙullutun yana cikin tumbi, amma ƙwayoyinsa na tsohuwar sankarar gidan ƙwai ne. Likitocin Yamai sun yi mana bayani cikin haƙuri: wannan cuta ta saba yaɗuwa ne a kan tantanin da ke shimfiɗe cikin ciki, da saman hanji da hanta, da kaluluwa, wani lokaci ta tara ruwa a ciki ko a gefen huhu. Ta je ta kafa a jikin tumbi kansa, wannan ba kasafai ake gani ba. Abin da likitoci suka fi sani shi ne akasinsa, wato sankarar tumbi ta sauka gidan ƙwai, wadda wani likita Bajamushe mai suna Krukenberg ya yi bayaninta tun 1896. Kuma sau da yawa irin ƙullutun Inna yana ɓuya ne ƙarƙashin fatar cikin tumbi, har a gutsuri nama daga sama a ga babu komai. Bambancin nan ba ƙarami ba ne, domin maganin sankarar tumbi daban, na gidan ƙwai daban. Ma'aikatan ɗakin awo, ba mu taɓa ganin fuskokinku ba, amma da aikinku aka zaɓa wa Inna maganin da ya dace da ita. Mun gode.

Iyayena mata da 'yan uwana, ga roƙona. Duk wadda aka taɓa yi wa aikin wannan cuta ta adana takardunta kamar takardun gida, ta nuna wa kowane likita ta je wurinsa, ko da ciwon ya yi kama da na yau da kullum. Shekaru na iya wucewa kafin cutar ta dawo, kuma ba lallai ta dawo inda ta fara ba.

Muna godiya ga likitocin tiyata da suka yanke ɓangaren tumbin, da ma'aikatan Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa a Yamai, musamman matan da ke neman jijiya a hannun da ya gaji da allura, suna lallashinta da "Sannu Hajiya, saura kaɗan."

Sai 'yan fadarmu ta unguwar Zariya. Daren da aka ce ana neman jini, kafin in gama kiran waya kun cika ƙofar asibiti, har da masu kabu-kabu da suka ajiye aikinsu. Wasunku ba su taɓa gaisawa da Inna ba. Wallahi duk lokacin da na tuna daren nan sai idona ya cika. Matan asusun Inna, kun ba ta kwasa alhali ba layinta ba ne. Abokan Baba na babbar kasuwa, kun haɗa abin da kuka haɗa ba ku bari an san mai jika ɗaya da mai jika ɗari ba. Danginmu na Tibiri, Madarumfa, Jibiya da Katsina, saƙonku ya iso. Kawu da iyalinsa a Yamai sun bar mana ɗakinsu, ba su taɓa nuna gajiya ba. Liman da jama'ar masallaci, mun ji addu'arku bayan kowace Asuba.

Ƙanwata, ke kika kwana a ƙasan gadon, ke kika wanke, ke kika goge. Ba ni da abin biyanki. Allah ya ba ki masu yi miki.

Likitoci ba su ce an rabu da cutar ba. Sun ce ta lafa, kuma za a ci gaba da awon jini da hoto, don haka hanyar Konni, Dogon Dutsi da Dosso ba ta ƙare mana ba tukuna. Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take bayan La'asar. Sai dai mai mura ko tari ya yi haƙuri ya gaishe ta ta waya, jikinta bai gama ƙwari ba bayan maganin. Kada a wahala da kawo abinci mai nauyi, kaɗan-kaɗan take ci yanzu.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi. A ci gaba da sa Inna a addu'a.