Sunan da Goggo ta sa wa karenta: wasiƙa daga Edinbura

Zuwa ga 'yan uwana masu karatu a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku ne daga birnin Edinbura na Sikotland, a arewacin Birtaniya, a kan wani al'amari da na san wasunku za su ga bai kai a ɗauki alƙalami dominsa ba, wato sunan da ake sa wa kare. Ni ma da wannan ido na kalle shi a shekarun farko na zamana a nan, har ranar da maƙwabciyata ta jawo ni cikin shawarar, na ga irin tarihin da suna guda mai gaɓa biyu yake ɗauke da shi, da kuma alhakin da yake ɗora wa wanda ya zaɓe shi.

Maƙwabciyar tawa dattijuwa ce, sa'ar mahaifiyata, kuma da yake bakina ba zai iya kama sunanta kai tsaye ba kamar yadda yaran nan suke yi wa manyansu, sai na roƙe ta ta bar ni in riƙa ce mata Goggo, ta kuwa yarda. Bayan rasuwar maigidanta gida ya yi mata faɗi, sai 'yarta ta raka ta gidan da ake ajiye karnukan da masu su suka yar ko suka kasa riƙewa, ta ɗauko wani ɗan kare mai ruwan ƙasa, kunnensa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, wanda wasu mutane suka taɓa ɗauka suka mayar. Ranar da na fara ganinsa yana ƙarƙashin teburin kicin, ya cusa hanci tsakanin ƙafafunsa na gaba, ko abinci aka ajiye masa ba ya fitowa sai an ja da baya. Jikan Goggo, yaro ɗan shekara goma, ya riga ya yanke cewa sunansa Haci, saboda wani fim da ya kalla ya yi kuka. Ita kuwa hankalinta yana tsakanin Bobi da Lasi.

Duk wanda ya zauna a Edinbura ya san Bobi. Mutum-mutuminsa na tagulla yana nan kusa da ƙofar maƙabartar cocin Gireyfiraya tun 1873, kuma hancinsa ya koma ruwan zinariya saboda yawan shafawar masu yawon buɗe ido, duk da roƙon da hukumar birni take yi a daina. Labarin da ake bayarwa shi ne, ubangidansa ya rasu a 1858, shi kuma ya tare a bakin kabarin shekara 14 har ya mutu a 1872. A 1867, da aka zo kama karnukan da ba su da lasisi, shugaban birnin na lokacin, William Chambers, ya biya masa kuɗin, ya sa aka yi masa abin wuya da har yau yake ajiye a gidan tarihin Edinbura. Masana tarihi suna ja-in-ja a kan wasu sassan labarin, amma littafi da fim, musamman wanda kamfanin Disney ya fitar a 1961, sun kai shi duniya. Na tsaya a gaban dutsen kabarinsa na ga tarin ƙananan sanduna da mutane suke ajiye masa, irin waɗanda ake jefa wa kare ya ɗauko, kuma na yarda cewa zukatan da suka yi wannan ba su rasa tausayi ba.

Haci kuwa taƙaitawar Haciko ne, karen wani farfesa na jami'ar Tokyo mai suna Ueno, wanda yakan je tashar jirgin ƙasa ta Shibuya kowace yamma ya tarye shi. Farfesan ya faɗi ya rasu a wurin aiki a watan Mayun 1925, karen kuma ya ci gaba da zuwa tashar kusan shekara goma, har ya mutu a watan Maris na 1935. Japanawa sun yi fim ɗinsa a 1987, Amurkawa suka sake yi a 2009, kuma wannan na biyun ne ya sa yaron kuka. Ma'anar Haci a harshen Japan takwas ce kawai, lamba ce kamar kowace lamba, labarin ne ya cika ta da nauyi.

Lasi ta bambanta da su, domin ita ƙirƙirar marubuci ce. Eric Knight ya fara rubuta ta a gajeren labari a 1938, ya faɗaɗa shi ya zama littafi a 1940, aka yi fim a 1943. Karya ce da talauci ya sa iyalin wani ma'aikacin haƙar kwal a Yokshaya, a arewacin Ingila, suka sayar, aka kai ta nan Sikotland, ta tsere ta taka ɗaruruwan mil ta koma wurin yaron da take so. A bakin mutanen Sikotland kalmar lasi tana nufin yarinya, har yau kuma za ka ji dattijai suna kiran 'yan mata da ita a bas. Abin da ya hana Goggo wannan suna shi ne karenta namiji ne, sai jikan ya tuna mata cewa wanda ya fito a matsayin Lasi a fim ɗin farko ma namiji ne mai suna Pal, kuma zuriyarsa maza ne suka gaje shi a shirin talabijin da aka yi daga 1954 zuwa 1973.

Da muka jera sunayen uku, sai na lura cewa abu guda suke faɗa. Kare ne ya riƙe amana bayan mutuwa ko bayan rabuwa, ya jira ko ya dawo. A ƙasar da tsofaffi da yawa suke zaune su kaɗai, 'ya'ya sun watse neman abinci, maƙwabci bai san maƙwabci ba, ba abin mamaki ba ne mace irin Goggo ta so ta riƙa furta sunan amana sau ashirin a rana. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma a nan na ga linzamin yana jan mai kiran fiye da wanda ake kira.

Goggo ta tambaye ni yadda muke yi a gida. Na gaya mata cewa a wurinmu kare ma'aikaci ne, na farauta ne ko na gadi ko na bin garke, makwancinsa a tsakar gida ko zaure, ba ya hawa shimfiɗa, kuma sunansa yakan fito daga launinsa ko daga halin da ake fata ya yi. Kawuna mafarauci yana da wani da yake kira Zaki, idan aka dawo daga daji shi yake fara ba ruwa kafin shi kansa ya sha. Na kuma gaya mata cewa sa wa kare sunan mutum, abin da suke yi a nan ba tare da wani tunani ba, zagi ne a wurinmu, har ta kai a 2016 an gurfanar da wani mutum a kotu a Jihar Ogun saboda ya sa wa karensa sunan Buhari. Sa'an nan na ba ta labarin karen da ya fi kowane kare shahara a wurin duk yaron da ya yi makarantar allo, karen Ashabul Kahfi, wanda Alƙur'ani ya siffanta yana shimfiɗe da zira'insa biyu a bakin kogo. Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba, littattafan tafsiri ne suka kawo Ƙiɗmir. Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ce ashe ku ma naku mai jira ne a bakin ƙofa.

A nan ne na faɗa mata abin da yake damuna game da wannan al'ada, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Karen fim aikin mutane da yawa ne, akwai marubuci, akwai mai horarwa da ya shafe watanni, akwai mai yanka hoto da yake zubar da duk inda karen ya kuskure. Wanda ya kalla ya je ya sayi irin wannan kare ya sa masa irin wannan suna, labarin ya saya, alhali abin da ya shigo gidansa ɗan kwikwiyo ne mai tauna takalma, mai haushi da tsakar dare, mai bukatar a fita da shi safe da yamma ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. An ga haka a Amurka bayan 1996, lokacin da Disney ya sake yin fim ɗin karnukan Dalmeshiyan 101, waɗannan farare masu ɗigon baƙi. Iyaye suka yi ta saya wa yara, sai ga shi iri ne mai ƙarfin jiki da ba ya zama wuri ɗaya, kuma kurumta tana da yawa a cikinsu, ba a daɗe ba gidajen ajiye karnuka suka fara kukan yawan waɗanda aka kawo aka yar. Dabbar ba ta yi alkawarin zama tauraruwa ba, mutane ne suka ɗora mata, da ta kasa kuma ita ta biya. Addinin da na tashi a cikinsa ya koya mini cewa Allah ya gafarta wa wani mutum saboda ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, don haka ba zan iya ganin wannan zalunci in ɗauke shi ƙaramin abu ba.

Ko karnukan da suka yi abin bajinta da gaske, shahara ba ta tsare su ba. A watan Janairun 1925 cutar mashaƙo, wadda mutanen Kano suka ɗanɗana zafinta a 2023, ta ɓarke a garin Nom na Alaska, can ƙuryar arewacin nahiyar Amurka, ƙanƙara ta rufe teku, babu hanyar kai magani sai da keken kan ƙanƙara da karnuka suke ja. Mutum 20 da karnuka kimanin 150 suka yi ta miƙa wa juna maganin a tafiyar da ta haura kilomita 1,000 cikin kwana biyar da rabi. Balto ne ya jagoranci zangon ƙarshe ya shiga gari, saboda haka shi jaridu suka ɗauka, shi aka yi wa mutum-mutumi a babban lambun birnin Niyok a wannan shekarar. Amma kafin shekara biyu su cika, shi da 'yan uwansa suna ɗaure a wani wurin nune-nune na arha a Los Anjales, ba kulawa, sai da mutanen birnin Kilibland na Amurka suka yi karo-karo a 1927 suka fanshe su. Wanda ya yi tafiya mafi tsawo kuma mafi haɗari, fiye da kilomita 400 idan aka haɗa da tafiyar zuwa karɓo maganin, har da ƙetare tekun da ya daskare, wani kare ne ɗan shekara 12 mai suna Togo, kuma ya daɗe a inuwar Balto kafin a yi masa nasa fim a 2019. Sunan ba shi da alaƙa da ƙasar Togo da muka sani, na wani babban hafsan sojan ruwan Japan ne aka ara masa.

Da na zo kan ƙuruciyar Togo ne yaron ya gyara zama. An haife shi ƙarami mai yawan ciwo, mai shi, Leonhard Seppala, bai ga alamar zai yi aiki ba, ya ba da shi kyauta ya zama karen gida, shi kuwa ya fasa gilashin taga ya gudo ya dawo. Yaron ya leƙa ƙarƙashin tebur ya ce wannan ma an raina shi, an mayar da shi. Goggo ta gwada sunan a bakinta sau biyu, ta ce gajere ne, kuma bai yi kama da ko ɗaya daga cikin kalmomin umarnin da za ta koya masa ba, wanda shi ne abin da ma'aikatan gidan karnukan suka ja mata kunne a kai. Na ce mata, Goggo, idan kin sa masa wannan suna, ki sa shi don ki riƙa tuna cewa an taɓa yanke masa hukunci da wuri, kada ki sa shi don ki jira ya yi miki abin al'ajabi. Ta ce abin da take nema a wurinsa bai wuce ya fito daga ƙarƙashin teburin nan ba.

A satin da ya biyo baya na raka ta asibitin dabbobi aka gyara bayanan 'yar na'urar da ke ƙarƙashin fatarsa, mai girman ƙwayar shinkafa, mai ɗauke da lambar shaidarsa, wadda doka ta wajabta wa kowane kare a nan tun Afrilun 2016. Daga nan muka je aka zana ɗan farantin da ake rataya masa a wuya. Na yi zaton sunan Togo za a rubuta, sai mai zanen ya ce abin da doka ta nema a kai shi ne sunan mai karen da adireshinsa, na karen kuwa ganin dama ne. Goggo ta sa aka rubuta nata a gaba, nasa a baya.

Yau wata huɗu ke nan. Togo har yanzu yana firgita idan babbar mota ta wuce, kuma ya tauna ƙafar kujerar da maigidan Goggo yake zama a kai, abin da ya sa ta zubar da hawaye, amma ba ta yi maganar mayar da shi ba. Da asuba idan na fito zan tafi aiki nakan hango su a bakin titi, ita cikin babbar rigar sanyi, shi yana gaba yana jan igiya, in ta kira sunan sai kunnen nan guda da ke tsaye ya juya kafin sauran jikin ya biyo.

Ina gaida kowa da kowa, manya da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ɗan uwanku,
daga Edinbura