Bulo mai inci tara da bai kai inci tara ba

Salamu alaikum 'yan uwana masu koyo. Wata huɗu ke nan da na fara zama gaban SketchUp, manhajar zana gini a tsaye a kwamfuta, bayan sallar isha, muddin akwai wuta ko batirin kwamfutar bai mutu ba. Ga inda na kwana.

Ni ba akitek ba ne, malamin lissafi ne a wata sakandare, abin da ya sa kurakuran da zan faɗa muku suka fi ba ni kunya ke nan. Abin da nake gwaji da shi gidan Yayana ne a Rigasa, fili ƙafa hamsin da ɗari. Zanen da za a kai KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, don neman izinin gini, mai rajista ne zai yi shi ya sa hatiminsa. Nawa na gida ne, don Yaya da matarsa su ga falo da ɗakuna a tsaye kafin a zuba kuɗi, su gama gardamar inda kicin zai zauna tun a kan allo.

Matsala ta fara ne ranar da na shigo da zanen safiyo. Na danna, manhaja ta ce ta gama, na duba ban ga komai ba sai ɗan mutumin nan da ke tsaye a tsakiyar allo. Na yi ta juya linzami har na gaji. Can na hango wani ɗan murabba'i, ashe filin Yaya ne. Da na auna shi, faɗinsa milimita 387, tsawonsa 774, ko dardumar sallah bai kai ba. Safiyo ya yi zanensa da mita, 15.24 da 30.48, ni kuma na bar zaɓin awo a kan inci lokacin shigowa, sai manhaja ta karanta inci 15.24. Zanen AutoCAD, manhajar da safiyo ya yi zanen da ita, lambobi ne zalla, sai ka gaya wa mai karɓa ko mita ne ko milimita ko inci. Gyaran ba wuya: ko ka sake shigowa ka zaɓi mita, ko ka ɗauki tef ɗin cikin manhajar ka auna gefen da ka san tsawonsa, ka rubuta tsawon gaskiya, za ta tambaye ka ko ta sake girman zanen duka, ka ce e.

Daga nan na fara tono, na gano abin da ya kamata a gaya wa kowane ɗan koyo tun ranar farko. SketchUp a Amurka aka ƙirƙire ta a shekarar 2000, Google ya saye ta a 2006, kamfanin Trimble ya karɓa a 2012, kuma har gobe a cikin cikinta da inci take lissafi. Ko ka saita ta a milimita, riga ce kawai ta sa maka. Kowane tsawo da inci take ajiye shi. Revit, wata manhajar zanen gini, ita kuma da ƙafa take ajiyewa. Idan kana zane da hannunka ba za ka taɓa ji a jikinka ba, domin kana iya rubuta 3600mm ko 3.6m ko 12' ta karɓa. Sai ka fara maƙala mata fulogin, waɗannan ƙananan manhajojin da ake ƙara mata don ta ja bango ko ta ɗora rufi da dannawa ɗaya, sannan incin ke leƙowa. (Mai amfani da ta kyauta a burauza, wannan bai shafe shi ba tukuna, fulogin a ta kan kwamfuta suke aiki.)

Na ɗanɗana wannan da kaina. Da yaren kwamfuta mai suna Ruby ake rubuta fulogin ɗinta, sai na ce bari in gwada 'yan layuka biyar da za su ƙirga min bulo: a ɗauki faɗin fuskar bango a ninka da 10, tunda kusan bulo 10 ke shiga murabba'in mita ɗaya. Na zaɓi bango mai mita 3.6 da mita 3. Amsa ta fito: bulo 167,400. Na yi dariya ni kaɗai har uwargida ta leƙo ta ce lafiya? Bulo 108 ya kamata ya ba ni. Manhajar ta miƙo faɗin da murabba'in inci, 16,740, ni kuma na ninka ban tambaya ba. Sai an raba da 1550 ake samun murabba'in mita. Haka ma idan ka rubuta 225 tsirara a Ruby, inci 225 ka ce. Sai ka rubuta 225.mm. Ni da nake rage wa ɗalibai maki idan suka manta rubuta ma'auni a bayan amsa.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Kuskuren da ya ninka abu sau dubu, ido ma zai kama shi. Wanda ya fi cutarwa shi ne ɗan ƙarami, wanda ke kama da daidai.

Na sauke wani fulogin mai jan bango. Ya tambaye ni kauri, na tuna bulonmu inci tara ne da inci shida, na ba shi haka. Ya ja min bango mai milimita 228.6 da mai 152.4, kuma bai yi ƙarya ba, tun 1959 aka tsayar da inci ɗaya a kan milimita 25.4 cif. Sai dai bulon da muke kira inci tara, awonsa a takarda 450 ne da 225 da 225, mai inci shida kuma kaurinsa 150. Na je wani gidan bulo da tef a aljihu na auna guda goma, babu wanda ya kai 228, wasu ma 225 ɗin ba su cika ba, ya danganta da abin bugun da yadda aka danna. Inci tara suna ne ya rage a baki. Ƙasar nan ta koma awon mita tun shekarun 1970, zamanin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973. Kuɗi dole kowa ya bi sabo. Awon gini kuwa takarda ce ta koma, baki bai koma ba. Shi ya sa a wuri ɗaya za ka ji siminti buhu kilo 50, rodi mai 12 da mai 16 tsawon mita 12, tayil 60 da 60, sannan katako tu-bai-fo mai ƙafa 12, ƙusa inci uku, bututu inci huɗu, fili hamsin da ɗari. Duk magini ɗaya ne ke riƙe da su a kai, kuma ba ya ruɗewa. Kwamfuta ce ke ruɗewa, da masu koyo irina.

Ku duba wannan lissafin. Yaya ya ce ɗakuna uku a jere, kowanne sha biyu da sha biyu. Masu zane idan sun ji ƙafa 12 sukan rubuta 3600. Ƙafa 12 ta gaskiya kuwa 3657.6 ce. A ɗaki ɗaya bambancin bai kai milimita 58 ba, faɗin yatsu uku. A ɗakuna uku da bangaye huɗu, biyu na waje masu inci tara, biyu na ciki masu inci shida, zanen milimita ya ba ni 11,550, na ƙafa da inci ya ba ni kusan 11,735. Milimita 185 ke nan, ya fi kaurin bulo mai inci shida. A fili mai faɗin 15,240 da ake son barin hanyar mota a gefe guda, wannan ba abin rainawa ba ne. Shi ma filin, wanda ya zana shi 15 da 30 ya yi wa Yaya kwangen murabba'in mita 14 da rabi, daga 464.5 zuwa 450.

Gani ya kori ji. Yaya ya fara da ɗan ɗaki ɗaya a bakin fili don ajiye siminti da kwanan mai gadi, na ce a bar ni in zana wannan. Na sa taga 1200 da 1200. Magini, wani dattijo da ya gina gidan mahaifinmu, ya bi takardata ya bar ramin 1200 daidai, har yana yaba min. Yaya kuma ya je Panteka ya ce wa mai walda taga fo-bai-fo. Mai walda ya yanka ƙarfensa ƙafa huɗu cif, wato 1219. Ranar Asabar aka kawo ta a Keke, leburori biyu suka ɗaga, ta ƙi shiga. Suka juya ta, ta ƙi. Dattijon ya karɓi tef ɗinsa, irin mai inci a gefe ɗaya santimita a ɗaya gefen, wanda lambobin farkonsa duk sun goge, ya auna ramin, ya auna tagar, ya dube ni.

"Malam ƙarami, kai da Alhaji ba da baki ɗaya kuka yi magana ba."

Na ce, "Baba, ai ƙafa huɗu ita ce 1200."

Ya miƙo min tef ɗin ya ɗora babban yatsansa a kan ƙafa huɗu, ya ce in karanta ɗaya gefen. Na karanta, na yi shiru. Ya sa yaronsa ya ɗauko kurfi da guduma, aka yi kusan awa ɗaya ana sassaƙar bulo, ƙura na zuba a kan takardar tawa da ke ƙasa an danne ta da dutse. Yaya bai ce komai ba, sai da za mu tafi ya ce, "Kwamfutar taka ta iya sassaƙa?" Ba laifin mai walda ba ne, abin da aka ce masa ya yi.

Da muka zauna shan ruwa Baba ya ce shi a wurin ubangidansa da kamu da taƙi ya fara, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, a zamanin tubali da azara, sannan ƙafa ta zo, sannan mita. Ya ce duk wanda aka ba shi zai yi aiki da shi, abin da ba ya so shi ne a ba shi biyu a ɗaki ɗaya. Ya kuma ce ko da tagar 1200 ce cif, ba a barin rami daidai wa daida, sai an ba ta ɗan wurin numfashi. Wannan babu fulogin ɗin da ya gaya min.

Bayan wannan na yi fushi na ce daga yau komai milimita, ban son jin inci. Silin ya nuna min gaggawata. Falankin filawud ƙafa huɗu ne da takwas, 1220 da 2440. Idan na jera katakon silin a tazarar 600 don lambar ta yi kyau, kowane layi ina cin bashin milimita 10. Kafin layi na shida bakin allo ya sauka daga kan tu-bai-tu gaba ɗaya, ƙusa ba ta da inda za ta kama. A nan 610 ne daidai. Ashe abin tambaya a kowane wuri shi ne, da wane awo aka yanka kayan da za a sa a wurin.

Fulogin ɗin rufi ban yi nisa da shi ba. Don gidajen katako na Amurka aka tsara shi, inda tu-bai-fo ɗinsu an goge shi ya koma 38 da 89, namu kuwa na kasuwa ba a goge ba, ana ƙiyasta shi 50 da 100, wani ya kai wani bai kai ba. Gangaren rufi ma da 6:12 yake tambaya, wato hawan inci 6 a kowane inci 12, kusan digiri 26 da rabi. Kafintanmu ba ya jin wannan, tambayarsa ita ce tsakiyar rufin ƙafa nawa za ta tashi. Na ajiye shi gefe har sai na je kasuwar katako da tef.

Yanzu ga yadda nake yi. Na buɗe sabon fayil na saita milimita ba tare da digo ba, na ajiye shi ya zama shi ke buɗewa kullum. Kowane sabon fulogin, kafin ya taɓa gidan Yaya, sai na sa shi ya ja bango ɗaya a fayil na banza na auna da tef. Na yi bulo biyu, ƙofa 900 da 2100, da allon silin, kowanne da awon da na gani da idona. A takardar da zan ba Baba kuma, milimita ce a kan layi, amma duk abin da za a sayo ko a ƙera a waje, taga, ƙofa, gilashi, na rubuta masa awon ƙafa na gaskiya a gefe da jan biro, kuma takardar ce za ta je Panteka, ba baki ba.

Matakala ce a gabana mako mai zuwa, domin matar Yaya ta dage sai an yi dakin, wato rufin kankare, an ɗora ɗaki a sama. Na riga na ji Baba yana cewa kowane taki inci shida, na kuma lura tsayin benen da akitek ya faɗa 3000 ne. Da 150 taki 20 ne cif. Da 152.4 kuwa taki 19 ne da guntu, kuma guntun nan a kan ƙafar wani zai ƙare. Wanda ya riga ni wuce wannan wurin a cikinku, ina jiran jin yadda ya yi da kaurin tayil a takin farko da na ƙarshe.